An cire wa yayata gidan ƙwai, ƙashinta zai zaizaye kamar na ɓera?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Yayata mai shekara 38 an cire mata mahaifa da gidan ƙwai duka biyu wata biyar da suka wuce. Na karanta cewa idan aka yi wa ɓera wannan aikin, ƙashinta kan fara lalacewa cikin mako biyu. Tun lokacin na kasa barci. Yanzu tana kukan ciwon baya, wani mai kemis yana ba ta haɗin maganin sanyin ƙashi. Shin mun makara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ku makara ba, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika karanta gaskiya ne. Idan aka cire wa macen ɓera gidan ƙwai, sinadarin estrojin da gidan ƙwai ke samarwa ya ɗauke, ƙwayoyin halittar jiki da ke cin tsohon ƙashi sai su fi masu gina sabo sauri. Ana fara ganin zaizayar a kan ƙashin ƙwauri, wajen da cikinsa yake kamar soso, cikin kwana 14 ko makamancin haka, na gadon baya kuwa sai daga baya. Shi ya sa tun 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a riƙa gwada maganin zaizayar ƙashi a kan irin wannan ɓeran kafin a kai ga mutum. Amma ɓera shekara biyu zuwa uku take yi a duniya, makonta biyu ba makon yayarki ba ne. A jikin mace abin shekaru yake ɗauka, ya fi sauri a 'yan shekarun farko. Ku koma wa likitan matan da ya yi aikin. Macen da al'adarta ta tsaya da wuri haka akan ba ta estrojin har ta kai kusan shekara 50, in dai ba ta da tarihin kansar nono ko daskarewar jini.

Haɗin kemis ɗin nan shi ya fi tayar min da hankali, ba ɓera ba. Duk ranar asibiti sai na ga baiwar Allah ta kwance bakin zani ta fito da ƙullin leda, ƙwayoyi ja da fari da rawaya, babu suna babu takarda. In ka bincika, akasari akwai deksametason ko firednisolon a ciki, dangin abin nan da ake kira sha ka fashe. Tabbas ciwo zai lafa, fuska ta cika, dangi su ce ta murmure, mai kemis ya zama gwani. Alhali wannan magani yana hana jiki gina ƙashi, yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Wato gidan da gara ta riga ta shiga, ka ɗauko gatari kana saran azara. Ba a ankara sai ranar da ta zame a bakin rijiya ƙugu ya karye, a wuce da ita wurin mai ɗori, a ɓata wata uku, sannan a kawo mana. Kuma kalmar "sanyin ƙashi" ta zama buhun da ake zuba kowane ciwo a ciki. Zaizayar ƙashi ba ta ciwo sai an samu karaya, saboda haka ciwon bayan nan yana buƙatar hoto, a Dutse ko a Asibitin Ƙashi na Dala. Masu sayar da wannan ƙulli su ji tsoron Allah, uwar wani ce da matar wani suke illatawa saboda ɗari biyar.

Ki ba ta kindirmo, miyar kuka, zogale da riɗi, ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, ta yi tafiya kullum. Idan ta wuce mako uku tana shan haɗin, kada ki yanke mata shi lokaci guda, yin hakan yana da nasa haɗarin. Ki ɗauko ƙullin ku zo da shi, likita ya rage mata a hankali.