Zauren Harshe: "Ba Gajiya", Zarar Bunu da Albarkar 'Yan Kasuwa

Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo: Malam, mutum ya sauke buhu yana haki, a ce masa "ina gajiya?" ya ce "ba gajiya". Wannan ba ƙarya ba ce?

Ba ƙarya ba ce, ɗana, don tun farko ba tambaya aka yi masa ba. Siffar tambaya gare ta, amma aikinta daban. Mai cewa "ina gajiya?" ya ga gumin da idonsa, abin da yake nufi shi ne na gan ka, na san da kai, babu komai tsakaninmu. Shi ya sa kowace gaisuwa ta zo da amsarta a goye. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Ina ruwa, ya yi gyara, ko da daren jiya ya rushe maka katanga. A nan Jos, cikin Disamba, haƙoran mutum na kaɗawa za a ce masa ya sanyi, ya ce lokacinsa ne. Malinoski, masanin al'adu, ya yi bayanin irin wannan magana tun 1923, bayan zamansa a tsibiran Turobiriyan da ke tekun Pasifik: magana ce ta ƙulla zumunci, ba ta isar da labari ba. Kakanninmu ba su jira shi ba.

Amma kada ka ɗauka babu labari a ciki sam. Yana nan, sai dai a murya yake. "Lafiya ƙalau" daban, "to, da sauƙi dai" daban. Dattijo zai bari a gama jerin gaisuwar tsaf, ya yi ɗan shiru, sannan ya rage murya ya ce, "Lafiya dai ko?" Wannan ta biyun ita ce tambaya. Kalmar lafiya ɗin kanta daga Larabci muka aro, haka ma labari, amma wannan dabara tamu ce.

Abin da ke ci min rai shi ne masu ganin gaisuwa ɓata lokaci ce. Ran nan a Taminus ina tsaye kusa da wani tsoho mai sayar da goro, wani saurayi ya tsaya a kansa, waya a kunne, ya ce, "Ina hanyar Gangare?" Tsohon ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa, ya gyara ganyen, sannan ya ɗago ya ce, "Lafiya lau, samari, mun wuni lafiya." Sai da yaron ya sauke wayar ya ce "ina wuni, Baba" aka nuna masa hanya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce marar gaisuwa ba. Kar ma a zo batun masu aiko min "slm" a WhatsApp su yi tsit, ko yaron da zai dubi sa'an ubansa ya ce "ya kake". "Ya kuke" ake cewa.

Wata uwargida daga Bukur: Mene ne bunu a "magana zarar bunu ce"?

Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, wadda ta sha rana da hayaƙi har ta yi baƙi. Zare ɗaya daga rufin ɗaki ba wuya, mayar da ita ne ba ya yiwuwa, karyewa take yi. Waɗanda suka tashi a ƙarƙashin kwano ba laifinsu ba ne, amma na ji wani yana cewa "zarar buhu", wannan kam laifinsa ne.

Wani mai karatu daga Rikkos: Magana, zance da hira duk ɗaya ne?

A'a. Gwada musanya su ka gani. Saurayi zance yake zuwa, in ka ji an ce ya je magana gidan su yarinya, to manya sun shigo ciki. Hira ba ta da inda ta nufa, daɗinta ke nan. Magana kuwa tana da nauyi, har takan zama rigima: "neman magana", "magana ta kai gaban alƙali". Kuma da ita ake auna mutum, a ce wane ba ya magana biyu.

Wani malamin firamare: Me ya sa mai kaya ke cewa "albarka" alhali ƙin sayarwa yake yi?

Don Bahaushe ba ya son rufe ƙofa da "a'a". Je Farin Gada da safe ka tsaya wajen masu kabeji da karas. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, wato tayinka bai kai ba, amma ban raina shi ba, ƙaro. A yi ta ja, wannan ya juya kamar zai tafi, wancan ya kira shi, har a kai inda mai kaya zai ce "na sallama". Lura da wannan kalma. Ba labarin ciniki take bayarwa ba, ita ce cinikin. Kafin a faɗe ta buhun nasa ne, bayan an faɗa naka ne, ko sisi ba ka ƙirga ba tukuna. Haka abin yake a wajen ɗaurin aure: wakilin ango ya nema, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, shaidu suka ji, aure ya ɗauru. Babu abin da ya motsa sai leɓe.

Wata ɗaliba: Bambancin habaici da zambo?

Zambo yana kama suna ko ya zana kamanni yadda ba mai shakka. Habaici jifa ne a cikin taro, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wani daga Dilimi: In an ce min "albishirinka", me zan ce?

Goro. In ya ce fari ko ja, ka ce fari, kuma ka tanadi tukuici.