Rakun Mai Rauni a Tsakar Gida: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Yawancin tambayoyin wannan makon daga 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada suka fito, kuma a kan dabba ɗaya ce, wato rakun. Ya ɗara muzuru girma, da baƙi kewaye da idanunsa kamar ya zabga kwalli, da jela mai zobe-zobe. Da dare yake fitowa yana tonon shara.

Salamu alaikum Likita. Na wayi gari na ga rakun kwance a gindin katanga yana jan ƙafa. In ba shi ruwa da abinci? (Wata uwa daga Maryland)

Wa alaikumus salam Hajiya. Tausayin dabba abin lada ne, amma kada ki matsa kusa da shi, kuma kada ki ba shi komai. Dabbar da ke jin ciwo ba ta san mai taimako ba, cizo kawai ta sani. Ki shigar da yara da kyanwa cikin ɗaki, ki kira hukumar kula da dabbobi ta ƙaramar hukumarku, ko mai lasisin jinyar namun daji. Daga taga za ki faɗa musu abin da kike gani: yana tangaɗi, yana zagaye wuri ɗaya, yawu na dalala, ko ƙafafun baya sun shanye? Jan ƙafar nan ba lallai karaya ba ce. A gabashin Amurka, daga Florida har Maine, rakun na cikin manyan masu ɗauke da ciwon haukan kare, kuma shanyewar ƙafa na daga alamominsa. Ganinsa da rana kaɗai ba hujja ba ce, domin mai shayarwa takan fito neman abinci.

Likita, ɗana ya je ɗaga wani ɗan rakun sai ya cije shi a yatsa. Ciwon ɗan ƙarami ne, kuma dabbar ta gudu. (Wani uba daga New York)

Malam, a kai shi sashen gaggawa yau ɗin nan. Ƙanƙantar ciwo ba ta rage komai, yatsa ma ya fi haɗari saboda yawan jijiyoyinsa, kuma ta jijiya ƙwayar ciwon haukan kare ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Kafin ku fita, a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a shafa aidin. Kada a ɗaure shi tamau.

A asibiti abu biyu za a yi. Na farko allurar garkuwa ce da ake auna ta da nauyin jiki, awo 20 ga kowane kilo, a tsira ta cikin ciwon da kewayensa sau ɗaya tak. Ita ce ke tare cutar kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Na biyu allurar rigakafi guda 4: ranar farko, sai bayan kwana 3, kwana 7 da kwana 14 daga ranar farkon. A dantse ake yin ta, ƙaramin yaro kuma a cinya. Ba a yin ta a ɗuwawu, domin kitsen wurin na rage mata ƙarfi. Mai raunin garkuwar jiki ana ƙara masa ta biyar a kwana na 28. A kuma duba ko lokacin allurar tetanus ya yi.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne jiran alama. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 shiru, amma da zarar zazzaɓi da tsoron ruwa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Da an kama dabbar, ƙwaƙwalwarta za a gwada. Tunda ta gudu, ɗauka ake yi tana da cutar.

Kashin rakun ya taru a gindin bishiyar da yarana ke wasa. In zuba ruwan bilic? (Wata 'yar'uwa daga Toronto)

Bilic ba ya kashe abin da ake gudu, 'yar'uwa. Rakun na da wata tsutsar ciki da ƙwayayenta ke fita cikin kashi, su nuna, wato su iya kama mutum, bayan mako 2 zuwa 4. Idan yaro ya kai ƙasar wurin baki, tsutsar na iya kaiwa ido ko ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ki sa safar hannu da takunkumi, ki yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ki kwashe da shebur har da ƙasar saman, ki ƙulle a leda biyu. Daga nan ki kwarara tafasasshen ruwa a wurin da kan shebur ɗin, zafi ne ke kashe ƙwayayen. In kin ga yaro ya ci ƙasar, ki kai shi asibiti a ranar, domin maganin tsutsa albendazole da wuri yake aiki.

Mu da ba mu da rakun fa? (Wani mai karatu daga Kano)

A wajenmu kare ne ke kawo kusan duk ciwon haukan kare. Wankin minti 15 ɗin nan dai shi ne, ban da toka ko ganye, sai asibiti a fara allura. A tsare karen kwana 10. In ya wuce su lafiya lau, likita na iya dakatar da sauran alluran.