Tambaya da Amsa: Fararen fitilun motoci na kashe min ido da daddare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, Sharon nake ja daga tashar Kawo zuwa Zariya, shekarata 19 kenan a kan sitiyari. Abin da ke damuna fararen fitilun nan ne da suka cika gari yanzu, in mota ta taho ta dalle ni wallahi sai in daina ganin komai har ta wuce, bayan ta wuce ma sai na ɗan jima ina ganin ɗigo-ɗigo. Satin da ya wuce wajen Maraban Jos saura ƙiris in shige ƙarƙashin wata tirela da aka faka ba ko alama, da fasinja cike a motar, Allah ne ya tsare. Yara a tasha suna cewa in sa tawa mai ƙarfi in dinga ramawa, wasu kuma sun ce in sayi tabarau mai ruwan ɗorawa. Me ka gani? Daga mai karatunku a Hayin Banki.

AMSA: Wa alaikumus salam Oga Direba, Allah Ya ƙara tsarewa, kai da fasinjojinka. Maganar ramuwar nan don Allah ka ajiye ta tun yanzu. In ya kashe maka ido kai ma ka kashe masa, motoci biyu ne ke tunkarar juna ba mai ganin gabansa, kuma mai acaba ko ɗan ƙauyen da ke tsallaka titi a tsakaninku shi zai fara shan wuya. Ka duba lissafin nan, motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 duk daƙiƙa ɗaya, to in idonka ya ɗauke na daƙiƙa 3 kawai ka yi mita 66 a makance kenan, tsawon tirela uku har da ɗoriya.

Mutane suna ɗauka ƙarfin ƙwan ne kaɗai matsalar, amma gaskiya mafi yawan abin da ke damunmu a Kaduna sa ƙwai ne a gidan da ba nasa ba. Tsohon ƙwai na halojin, irin H4 ɗin nan mai wat 60 a ful layit da 55 a dim, yana da ɗan siririn zare a ciki, kuma kwanon da ke bayan fitilar an ƙera shi ne daidai da inda zaren yake don ya tattara hasken ya kwantar da shi kan kwalta. To sai mutum ya shiga Panteka ya sayo sababbin fararen ƙwayayen nan da ake kira LED ko HID a kwali, rewaya ya cusa masa a wannan tsohon kwanon cikin minti goma ba tare da an saita komai ba, hasken bai fito daga inda kwanon ke tsammani ba sai ya watse sama da gefe, mai motar na murna ya ga bishiyoyi sun yi fari tas alhali wani ɓangare na hasken a fuskar mutane yake sauka, shi kansa ramin da ke gabansa bai fi ganinsa da kyau ba. Ga kuma launin, halojin ɗan ja-ja ne, su kuwa waɗannan fari ne mai sirkin shuɗi, shi ya sa ya fi yi wa ido zafi. Ƙara da cewa jif-jif sun yi yawa, fitilarsu a sama take, daidai fuskar wanda ke cikin Golf ko keke.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma har yau ana shigo da motocin da aka yi wa ƙasashe masu bin hannun hagu kamar Ingila da Japan, a juya sitiyari a bar fitila yadda take. Irin waɗannan fitilun an yi su ne su ɗaga haske ta ɓangaren hagu, can bakin hanya ne a wajensu, a nan kuwa hagu ita ce inda motar da ke tahowa take. Mai irin wannan mota ko a dim yake sai ya dame ka, maganinsa sauya fitilar ne gaba ɗaya.

Kafin mu ga laifin wasu, Oga, ka duba taka. In an danƙara buhuna a but har bayan Sharon ya zauna, hancinta ɗagawa yake, dim ɗinka ya koma kamar ful layit ba ka sani ba. Motoci da yawa suna da ɗan abin murzawa kusa da sitiyari mai lamba 0, 1, 2, 3, aikinsa kenan, in kaya sun yi nauyi ka murza ya sunkuyar da fitilar. Ka kuma gwada wannan bayan sallar isha, ka samu fili mai lebur ka tsayar da mota taku kamar mita 10 daga katanga, ka auna tsayin ƙwan daga ƙasa ka yi alama da gawayi a bangon daidai wannan tsayin, ka kunna dim. Bakin hasken na sama ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kamar faɗin tafin hannu, in ya haura ta to akwai noti a bayan fitilar da ake juyawa, kowane rewaya ya san shi, sai dai in ba ka ce ya yi ba.

A kan hanya kuwa, kada ka ƙura wa fitilar ido, ka karkatar da kallonka zuwa gefen kwalta na dama ka ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa. Ka yi masa filashin sau ɗaya, da yawa mantawa suka yi. Gilashin gaba ka wanke shi ciki da waje, musamman lokacin hunturu, ƙurar nan da maiƙon hannu su ke sa haske ɗaya ya bazu ya rufe gilashin duka. Na bayanka in ya dame ka, akwai ɗan maɓalli a ƙasan madubin tsakiya, ka ture shi hasken zai dushe.

Tabarau mai ruwan ɗorawa ban ba ka shawara ba. Yana rage zafin fitilar, amma da shi da hasken da kake buƙata don ganin tirela mara alama duk tare yake ragewa.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka shi ne ɗigo-ɗigon da ka ce yana jimawa. Shekara 19 a hanya ba wasa ba ce, kuma yanar ido sau da yawa da haka take farawa, mutum na gani lafiya da rana amma da dare kowace fitila sai ta yi masa zobe. Muna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a nan Mando, daga Kawo ba nisa, ka ware safiya ɗaya ka je a duba ka, in ma yanar ce ana cire ta. Kafin nan in da hali ka dinga yin lodin ƙarshe da wuri yadda magariba za ta same ka ka shigo gari.