Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan uban 'ya'yanta

Wa alaikumus salam. Kin ce aurenku ya mutu, yara biyu na hannunki a Gusau, ubansu na Ƙauran Namoda, kuma tun da ya ƙara aure ya ɗauke ƙafa, har ƙaramin ya daina cigiyarsa. Ni ma na sha wannan ruwan, nawa yaran yanzu sun girma.

Abin da na ga ya fi raba yaro da ubansa shi ne a mayar da shi ɗan aike. "Je ka ce wa babanka kuɗin makaranta." Yaro ya je ya tarar da fuska a murtuke, ya dawo hannu rabbana, gobe ko an ja shi ba zai koma ba. Maganar kuɗi ki ɗora ta a kan babba guda wanda uban ke jin nauyinsa, yayanki ko baffan yaran. Su yara gaisuwa kawai za su kai.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Amma ci, sutura, magani da karatu suna wuyan uba, walicci ma nasa ne. Ranar ɗaurin auren ɗiyarki shi za a nema. Kuma aya ta 233 a Baƙara ta hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu.

Don haka ki ba shi abin yi, ba biya kaɗai ba. Malamin Islamiyya ya riƙe lambarsa. In yaro ya kammala izu, a buga masa ya ji karatun da kunnensa. Ɗinkin Sallah shi ya kai su wurin tela a auna su. Uban yarana da haka ya dawo, da kansa ya riƙa tambayar ranar karɓar sakamako.

In za su je masa hutu, da halin da hanyoyinmu ke ciki, kada su tafi su kaɗai, kuma da rana. Ki haɗa su da ɗan sabulu ko daddawa su kai wa matarsa, don tuwonta za su ci. In sun dawo kada ki zaunar da su kina tambayar me aka dafa, me aka ce.

In ya ƙi ciyarwa gaba ɗaya bayan manya sun yi magana, ki kai Hisbah a yi sulhu, in ya gagara sai gaban alƙali. Ko a nan ma kada yaran su ji daga bakinki.