Hitar bango ce ke cinye mana kati?

Tambaya: Malam, mu shida ne a gida a Agege, Legas. Tunda aka mayar da layinmu Band A, rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, katin wuta ba ya kai mu ko'ina. Maigida ya ce hitar bangon da ke bayi ce, in koma dafa ruwan wanka a gas. Yara kuwa ba sa yarda da ruwan sanyi da asuba, musamman da damina. Wanne ya fi sauƙi? (Maman yara, Agege)

Amsa: Hajiya, maigida yana da gaskiya, amma laifin ya fi yawa a yadda ake kunna hitar. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai yunit ɗaya na Band A naira 225, daga baya ya sauko kusan 209. Bokiti mai lita 20, a ɗumama shi daidai wanka, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na yunit ba, wato wajen naira 65. Hita mai lita 50 kuwa, kafin ta kai ruwan digiri 60 ta ci kusan yunit 2. In an bar ta a kunne yini guda, ruwan na hucewa a cikin tanki tana sake ɗumamawa, ana biyan zafin da babu wanda ya yi wanka da shi. A gidajen da nake zuwa gyaran waya, nan na fi ganin kuɗi na zurarewa.

Ki kunna ta bayan kin tashi sallar asuba, ki kashe da zarar ta yi zafi. Ruwan Legas ba ya yin sanyin na Kano ko Jos lokacin hunturu, ɗan zafi ya isa a sirka.

Gas kuma, kilo ɗaya zai ɗumama bokiti wajen 20 in an rufe tukunya, don kusan rabin zafin wutar a iska yake tafiya. Bokiti 20 a lantarki, a farashin yunit naira 209, kusan naira 1,300 ne. Ki tambayi kuɗin kilo a wurin mai gas ɗinku, ki gwada da wannan.

Abin da nake roƙon ki, kada neman sauƙi ya kai ki ga hitar nan da ake tsomawa a bokiti. Yaro ya sa hannu ya taɓa ruwan tana kunne, wutar lantarki na iya jan shi nan take. In dole ce, a cire ta daga soket kafin kowa ya matso.