Tambaya da Amsa: Manhajar Kaset ɗin Nintendo DS

Tambaya: Malam, na rubuta manhaja ta kaset ɗin nan da ake sa wa memori a DS (na'urar wasan bidiyo ta hannu ta kamfanin Nintendo), in saki kod ɗinta kowa ya gani ko da haɗari?

Amsa: Akwai kam ɗan'uwa. Masu jabu za su fara kwasa kamar yadda suka cika kasuwa da jabun R4, wato wani samfurin irin wannan kaset ɗin mai memori, su ɗora a kaset mai arha, in wasan mutum ya goge kai za a zaga ba su ba. Kuma Nintendo ba ta wasa, a 2009 kotun Tokyo ta hana sayar da R4, babbar kotun Landan ta bi sahu a 2010. Ni dai nafi son ka saki da lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da kod da gyara shi muddin wanda ya rarraba shi ya bar kod ɗin a buɗe, amma kar ka bar ko layi ɗaya na kod ɗin Nintendo a ciki.