Tambaya da Amsa: Wace libarba ce ta dace da hannun uwargida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Gadarif da ke Sudan, sana'ata noma da fataucin riɗi, kuma idan kaka ta kama nakan yi makonni a gona, in bar maiɗakina da ƙananan yara a gida. Tun da yaƙi ya ɓarke sata da fashi suka yawaita a unguwarmu, har ba na iya barci idan na yi nisa. Na ƙudurta nema mata libarba ta hanyar doka. Wani abokina ya ce in sayi mai harsashi .22 saboda ba ta da turi, wani kuma ya ce .357 Magnum kaɗai ke tsayar da ɓarawo. Wanne ya fi dacewa da mace?
Daga wani magidanci, Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, damuwarka tana kan hanya, domin tun daga 15 ga Afrilun 2023 da yaƙin ya ɓarke, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a Disambar 2023, Gadarif ta cika da mutanen da suka gudo daga Khartum da Jazira da Sinnar, makamai kuma suka yawaita a hannun jama'a. Kare iyali wajibi ne, kuma ya zo a hadisi cewa wanda aka kashe yana kare iyalinsa ya yi shahada. Sai dai na karanta wasiƙarka na ji ra'ayinka da na abokanka biyu, ban ji na uwargida ba, alhali ita ce za ta riƙe bindigar cikin dare, ita ce kuma za ta rayu da abin da ya biyo baya idan ta harba. Idan ba ta so, ko zuciyarta ba za ta iya jan kunama a kan ɗan Adam ba, to kada a saya, domin makamin da mai shi ke ɗari-ɗari da shi yakan koma hannun wanda ya shigo.

Idan kuwa ta amince, ga bayanin harsasan. Lambar da ake kiran su da ita tana nuna kimanin kaurin harsashi ne a ma'aunin inci. Harsashin .22 LR, wanda ya fito tun 1887, nauyinsa bai kai giram uku ba, turinsa kaɗan ne, ƙararsa ma da sauƙi, shi ya sa ake fara koyon harbi da shi. Yana kisa, kada a ɗauke shi abin wasa, amma bai cika tsayar da mahari nan take ba. Akwai kuma abin da abokinka bai faɗa maka ba: wutarsa a gefen gindin kwanso take, don haka ya fi sauran yawan ƙin tashi, kuma saboda wannan ne ake ƙera libarbarsa da kunama mai tauri, wadda sau da yawa ta fi ta manyan bindigogi wuyar ja.

Shi kuwa .357 Magnum, wanda ya shiga kasuwa a 1935, ƙarfin fashewarsa ya kai kusan ninki biyu na .38 Special. A cikin ɗaki da dare ƙararsa tana toshe kunne, walƙiyarsa tana ɗauke gani na ɗan lokaci, turinsa yana ɗaga bakin bindiga sama har harbi na biyu ya kauce, ga shi yana iya ratsa ƙofa ko kwano ko dangar zana ya sami yaro ko maƙwabci. A gidajenmu da ɗakuna ke manne da juna ban ga hikimar ba da shi ga sabon hannu ba, mace ko namiji.

Wanda masu koyar da harbi suka fi ba da shawara a kansa shi ne .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fitar a ƙarshen ƙarni na 19, 'yan sandan Amurka kuma suka yi shekaru da dama suna aiki da shi. Nauyinsa yakan kai giram goma, turinsa matsakaici ne, yawancin manya suna iya sarrafa shi bayan horo. Duk da bambancin lamba, kaurinsa ɗaya da na .357, kwanson ne ya fi gajarta da kimanin milimita uku, saboda haka libarbar .357 tana harba .38, amma ta .38 ba ta ɗaukar .357.

A nan maza da yawa suke kuskure, inda suke zaɓa wa matansu bindiga mafi ƙanƙanta da rashin nauyi, suna zaton ita ce mai sauƙi. Ƙaramar libarba mai harsashi biyar, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, ta fi dukan tafin hannu kuma ta fi wuyar saiti fiye da ta ƙarfe mai harsashi shida da ta kusa kilo guda, domin nauyin ne ke shanye turin. Jan kunama ba tare da an ɗana ba yana buƙatar ƙarfin da ya kai kusan kilo biyar daga yatsa guda. Gwajin da ya dace shi ne, a gaban mai koyarwa, a buɗe bindigar a tabbatar babu harsashi ko ɗaya, ta riƙe da hannu biyu, ta auna wani tabo a bango, ta ja kunamar sau da yawa a jere. Idan bakin bindigar yana rawa, ko sai ta haɗa da yatsa na biyu kafin kunamar ta sauka, to wannan ba tata ba ce, kome kyawun harsashinta.

Batun doka ya fi na harsashi nauyi a halin da ake ciki. Dokar Makamai da Harsasai da Ababen Fashewa ta 1986 ta wajabta lasisi, kuma lasisin na mutum ne da sunansa, don haka ka je ofishin 'yan sanda ka tambaya ƙarara ko za a rubuta da sunan uwargida. Ina roƙonka da Allah kada ka sayi bindiga a bayan fage, domin ba ka san jinin da ke kanta ba, kuma a lokacin yaƙi makamin da aka samu a gida ba takarda yana iya jawo wa mutum zargin da ya fi sata muni. Ka kuma bincika ko harsashin yana samuwa a wurin dillali mai izini, domin na Kalashinkof ne ya cika ƙasar, kuma wanda bai sami na atisaye ba bai iya harbi ba.

Sai yara. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 ya nuna cewa haɗarin kisa a gidan da ke da bindiga ya kusa ninki uku na gidan da babu, kuma mafi yawan abin yana faruwa ne tsakanin 'yan gida da makusanta. Halinmu ya bambanta da nasu, amma yaro ɗan shekara biyar da ya ɗaga katifa ya ga bindiga ɗaya ne ko'ina. A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kulle, makullin yana jikin uwargida, kuma kada a nuna wa kowa bakinta ko da wasa, kamar yadda Annabi (SAW) ya hana. Idan a gidan akwai yawan husuma, ko mai fama da ƙuncin rai, a bar zancen bindiga gaba ɗaya.

Libarba tana iya korar ɓarawo ɗaya ko biyu, amma idan gungun masu manyan bindigogi ne suka zo, harbi daga cikin gida zai jawo ruwan wuta ne a kan yara, kuma ya kamata uwargida ta san haka tun yanzu, ta san ƙofar da za ta bi da gidan da za ta nufa. Kafin ka tafi gona a bana, ka ƙarfafa ƙofa da sakata, ka sa fitilar sola a tsakar gida, ka samo ɗan'uwa babba da zai riƙa kwana a zaure, ku kuma yi magana da maƙwabta da masu sintirin unguwa a kan wanda za ta kira idan ta ji motsi. Allah ya tsare ku, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.